Shekarar Da Na Yi Ƙwanji

Na sha jin ku kuna ba abokanku labari wai babanku ya kusa zama ɗan ƙwallo, kakanku ne ya hana shi. Ban san wanda ya fara gaya muku haka ba, ina dai zargin gwaggonku Hajara, don ita ce mai son gajarta zance. Ban taɓa gyara muku ba, saboda duk sanda na buɗe baki sai in ji abin ya fi ƙarfin hirar tabarma. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, na ga gara in rubuta muku shi yadda ya faru. Kakanku bai hana ni ƙwallo ba. Shi ne ma ya kore ni in tafi.

Gidanmu na dā yana can bayan Kusugu a Daura, a wani lungu mai yashi wanda ko keke sai an tura shi. Mu biyar ne wurin Inna, mata huɗu suka riga ni, shi ya sa ake kirana Tanko. Baba dillalin shanu ne, dogo, mai faɗin ƙirji, sai ya sunkuya yake shiga zaurensa. Na ga ya riƙe ƙahon bijimi da hannu ɗaya yana ciniki da ɗayan. Ni kuwa jikin Inna na ɗauko, ana iya ƙirga haƙarƙarina daga nesa. A filin ƙwallo babu mai ce mini Tanko, Tsinke suke kirana. Amma ƙafa kam Allah ya ba ni. Ina ɗan shekara goma sha tara babu wanda ya kai ni gudu a ƙungiyarmu, kuma in na sami ƙwallo a gefen hagu, sai in yanke mutum biyu kafin su gane ina na nufa. Matsalar ɗaya ce: duk wanda ya samu ya jingina kafaɗarsa da tawa, to ƙwallo ta zama tasa.

Abin ya fito fili ran da muka je wasa Mai'adua. Suna da wani ɗan baya da suke kira Buhu, gajere, wuyansa da kansa kusan faɗi ɗaya. Bai iya komai ba, gudunsa ma kamar yana jan turmi. Amma tun daga busa ta farko ya gane ni. Ba ya kai mini ƙafa, ba ya riƙe mini riga, sai dai ya matso ya ɗan dafa ni da kafaɗa, in tsinci kaina a ƙasa ina tofar da yashi. Alƙalin wasa bai busa ko sau ɗaya ba, don babu laifin da aka yi. 'Yan kallo suka yi ta ihu suna cewa a ɗaure Tsinke da igiya kada iska ta tafi da shi. A hanyar dawowa kocinmu, Malam Sabo, wanda malamin makaranta ne mai ƙarancin magana, ya zauna kusa da ni a bayan mota ya ce:

"Tanko, daga ƙugu zuwa ƙasa kai ɗan ƙwallo ne. Daga ƙugu zuwa sama babu kowa a gidan. Ka nemo ƙirji da kafaɗa, in ba haka ba a nan za ka ƙare."

Wanda ya ji wannan magana ban da ni shi ne Obi, mai tsaron ragarmu. Iyayensa Inyamurai ne, babansa yana da shagon kayan gyaran mota kusa da tasha, amma shi a Daura aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Da muka sauka ya ja hannuna ya ce in same shi gobe bayan la'asar. A bayan shagonsu akwai wani ɗan fili da ake zubar da tsofaffin ƙarafa. Nan ya nuna mini abin da ya haɗa: dogon ƙarfen ƙafar mota, ya sa duram ɗin birki a kowane gefe, sai wasu gwangwanayen madara cike da siminti da aka soka wa sanda, sai benci na katako mai ƙafa uku da bulo a madadin ta huɗu. Ya kwanta ya ɗaga babban ƙarfen yana mini hira. Na kwanta na kama, na tura, ƙarfen ya ƙi motsi. Obi ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

"Bar wannan, ba sa'anka ba ne. Fara da na madara. Kuma ka riƙa cin abinci kamar mutum, ba kamar tsuntsu ba."

Haka na fara. Kullum bayan la'asar, ranar da babu atisaye, muna bayan shagon. In kifa da ciki in riƙa ture ƙasa da hannuwa har su yi rawa. In kama reshen darbejiyar da ke wurin in ja jikina har haɓata ta wuce shi. Farko ko sau ɗaya ban iya ba, sai dai in yi ta lilo Obi yana tura ni ta ƙafa. Makon farko ko cokali na ɗaga sai na cije leɓe, alwala ma da ƙyar nake kai hannu ƙeya. Bayan ƙarfe sai mu tsaya kafaɗa da kafaɗa, ƙwallo a tsakaninmu, ya ture ni in ture shi, yana koya mini in sauke ƙugu ƙasa, in buɗe hannu kaɗan, in ba mutum baya in rufe ƙwallo. Maman Obi takan leƙo da kwanon wake da manja ta ajiye, in mun cinye ta dawo ta ɗauke kwanon tana girgiza kai.

A gida kuwa abin ya zama wasan kwaikwayo. Na karɓe jan ruwa gaba ɗaya, ba na barin kowa ya taɓa guga. Buhun gero in ya zo, ni ke shigar da shi. Tuwon da nake bari dā, yanzu sai in share kwano in leƙa tukunya. Inna ta ce:

"Ni dai ban taɓa ganin irin wannan ba. Mutum ya je ya ɗaga ƙarfen da babu wanda ya sa shi, ya ajiye shi inda ya ɗauke shi, sannan ya dawo ya cinye mini tuwon ɗumame."

Yaya Hajara, wadda a lokacin ita kaɗai ta rage ba ta yi aure ba, takan matsa damtsena ta ce har yanzu ba ta ji komai ba sai ƙashi. Baba ba ya sa baki. Bai taɓa zuwa kallon ƙwallo ba, bai kuma taɓa hana ni ba. A wurinsa wani abu ne na yara da zai wuce kamar ƙyanda. Sau ɗaya dai ya tarar da ni a tsakar gida ina ture ƙasa, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in ƙarfi nake nema, ranar Lahadi in bi shi kara, kasuwar dabbobi, in riƙe masa shanu. Na bi shi kuwa, kuma na gane igiyar saniya mai gardama ta fi ƙarfen Obi iya koyar da hannu.

Daga ƙarshen rani zuwa tsakiyar damina jikina ya sauya ban ma lura ba. Ran Sallah ne na sa rigar da aka ɗinka mini bara, na ɗaga hannu zan gyara hula, sai ji na yi ta yage a hammata. Inna ta yi salati, Hajara ta fita da gudu tana dariya. Ni kuwa na shiga ɗaki na tsaya gaban ɗan madubinmu, na ga wani mutum mai wuya da kafaɗa yana kallona. Ba zan ɓoye muku ba, na daɗe a gaban madubin nan.

Da 'yan Mai'adua suka zo ramuwa, Buhu ya taho mini da kafaɗarsa yadda ya saba. Na sauke ƙugu na tare shi. Na ji ƙarar haɗuwarmu har cikin haƙorana, amma ƙafafuna ba su gusa ba, shi ne ya yi taga-taga. Na juya na bar shi a nan. Ƙwallo biyu na ci a ranar. Ashe a cikin 'yan kallo akwai wani baƙo da Malam Sabo ya gayyato daga wata babbar ƙungiya ta Kano. Bayan an tashi ya kira ni da Obi, ya ce bayan kaka za su gwada sababbin 'yan wasa, mu biyu mu zo. Muka raka shi tasha, muka dawo muna tafe muna ture juna a kan titi kamar mahaukata.

Ana cikin yankan gero Baba ya faɗi. A kara ne, a Mai'adua, yana tsaka da ciniki, aka ce ya kai hannu zai dafa saniya sai ya zame. Aka kawo shi asibiti a bayan a-kori-kura. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Da aka sallame shi, motar ta tsaya a bakin lungu don ba ta iya shiga yashin. Maƙwabta uku suka kama shi, wannan ya riƙe ƙafa, wancan hammata, suna ta "ɗaga nan, saki can", rigarsa ta tattare, hularsa ta faɗi. Na ga idonsa. Mutumin da ake matsa wa hanya a kasuwa, ga shi ana jan sa kamar buhu a gaban yaran unguwa. Na ce su dakata. Na durƙusa na juya masa baya, na ce su ɗora mini shi. Na miƙe. Yana da nauyi, nauyin da ban taɓa ɗauka ba, amma na miƙe, na kai shi har kan gadonsa ban tsaya ba.

Daga ranar ni ne ƙafafunsa. Ni ke tayar da shi, in kai shi kewaye, in yi masa wanka, in fito da shi zaure ya sha iska, in juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Inna ba ta iya ko jirkita shi, kuma kunya ba za ta bar shi 'ya'yansa mata su kama shi ba. An kawo masa keken guragu, ya ƙi tafiya a yashin lungunmu. Wani ya ce a gwada baro, Baba ya yi masa kallon da ya sa bai sake maimaitawa ba. Ban ce wa kowa komai game da Kano ba, na bar zancen a cikina. Obi ne ya zo gaishe shi ya saki baki, yana zaton an sani. Da ya tafi Baba ya kira ni. Maganarsa ta yi nauyi a lokacin, sai ka kasa kunne sosai.

"Yaushe ne tafiyar?"

"Baba, ai na fasa."

"Ban tambaye ka ko ka fasa ba. Yaushe ne?"

Na faɗa masa. Ya ce in shirya. Na ce to wa zai riƙa ɗaga ku? Ya ce shi ba zai rasa mutane a garin da aka haife shi ba, akwai 'ya'yan ƙannensa, akwai maƙwabta, kuma ba zai yarda a ce ciwonsa ya cinye mutum biyu ba. Ya buga hannunsa mai lafiya a kan katifa ya ce umarni ne. Na tafi.

Ku da kuka tashi kuna ganin filaye a talabijin ba za ku gane abin da na ji ba ran da na fara taka ciyawa. Duk rayuwata a kan yashi da tsakuwa nake wasa, inda ƙwallo ke tsalle yadda ta ga dama. A can kuwa an yi wa filin ban ruwa da safe, yana ta ƙamshin ɗanyen haki, ka tura ƙwallo ta tafi santal inda ka aike ta. Na tsuguna na shafa ciyawar da tafin hannu, Obi ya ce in tashi kada a gane daga ƙauye muke. Samari sun taru daga ko'ina, wasu sun yi biyuna. Suka gwada ni da kafaɗa, suka gwada ni da gwiwar hannu, ban faɗi ba. A kwanakin nan na buga ƙwallon da ban taɓa bugawa ba, ban kuma sake buga irinta ba. Har yau in na rufe ido ina iya ganin wata da na tare da ƙirji, mutum yana rataye a bayana, na juya da shi na buga ta shige ta kusurwar sama. Ran ƙarshe aka kira sunayen waɗanda aka ɗauka. Aka kira Obi. Aka kira ni. Aka ce mu je gida mu kwaso kayanmu mu dawo.

Na shiga gida da hantsi ina ɗokin ba da labari. Tun daga zaure na ji gidan ya yi shiru. Baba yana kwance, ya rame kamar an yi wata ba a gan shi ba, leɓɓansa sun bushe sun tsattsage, ga wani kumburi baƙi a gefen goshinsa. Ya tambaye ni yadda aka yi, na faɗa masa, ya ce alhamdu lillahi, ya rufe ido. Inna ta yafito ni zuwa madafa. Ta ce kwana biyun farko yaran sun zo. A rana ta uku suna ɗauke da shi zuwa kewaye ya kuɓuce musu, kansa ya bugu da dokin ƙofa. Daga nan suka tsorata, sai an aika sau biyu sau uku kafin ɗaya ya leƙo. Wata rana aka yi ta aike babu wanda ya zo, har abin da ake gudu ya faru a kan shimfiɗa. Ta juya muciya a tukunyar da babu komai, sannan ta ce:

"Tun ranar ya daina cin abinci. Ruwa ma sai ya jiƙa baki kawai. Wai ba ya jin yunwa. Ni na san dalili, so yake kada ya buƙaci a ɗaga shi. Ya kuma rantsar da ni kada in aika maka."

Na dama fura na kai masa. Ya kau da kai. Na ce, "Baba, ku sha, ina nan." Ya ce na kwana nawa? Na ce ku dai ku sha. Ya dube ni ya daɗe, ƙishirwa ta fi ƙarfinsa, ya sha.

Ran komawa na raka Obi tasha, jakarsa a kafaɗata. Bai yi mini gardama ba, don ya shigo ya ga Baba da idonsa. Da mota ta cika ya leƙo ta taga ya ce me zai gaya musu. Na ce ya ce ina tafe, da zarar jikin tsoho ya yi sauƙi. Ya ce zai riƙe mini katifar kusa da tasa. Na tsaya har motar ta sha kwana. Ya riƙe katifar kuwa, ya yi ta aiko saƙo ta bakin direbobi, har aka ba wani. Ya buga musu shekaru kafin gwiwarsa ta lalace, daga baya iyayensa suka koma garinsu ya bi su, zumuncin ya yanke ba don wani ya so ba. Ban san ko yana raye ba. Ina yawan tuna shi fiye da yadda nake tuna wasu 'yan uwana na jini.

Da Baba ya ga na dawo daga tasha, ya juya fuskarsa bango. Ban taɓa saɓa masa ba sai wannan karon, shi kuma bai taɓa fushi da ni irin wannan ba. Ya daina yi mini magana. Ku yi tunanin wannan: kullum ina goya shi, numfashinsa a wuyana, ina cuɗa masa baya, ina sa masa riga, amma in yana son wani abu sai ya ce wa Inna, "Gaya wa yaron nan." Muka shafe sanyin shekarar haka. Ni ma ba wai zuciyata fari tas take ba. In na ji ihu daga filin ƙwallo da yamma, sai in shiga ɗaki in rufe ƙofa. Na daina zuwa atisaye, don ban iya ganin filin yashi ba tare da na tuna ciyawa ba. Na karɓi sandar Baba na shiga kara, sana'ar da na ci da ku da ita ke nan har yau.

Wata Juma'a da bazara, na dawo da shi daga masallaci na ajiye shi a zaure, ina shirin fita sai na ji ya ce, "Tanko." Rabon da in ji sunana a bakinsa har na manta. Ya ce ya ji yara suna cewa akwai wasa yau da la'asar. Na ce akwai. Ya ce:

"Kai ni in ga abin nan da ka bari."

Na goya shi har filin, da tabarma a hammatata. Mutane suka yi ta buɗa mana hanya, aka shimfiɗa masa a gindin bishiya aka jingina shi. Ina zaune kusa da shi har aka je hutu aka dawo, ana cin mu ɗaya. Sai ya zungure ni da hannun hagu ya ce shi bai zo kallon 'ya'yan wasu ba. Malam Sabo yana jin haka ya cire rigar wani ya jefo mini. Takalmin aro na sa, ya matse ni, numfashina kuma ya ragu saboda daɗewa. Ban ci ƙwallo ba, ba mu ma rama ba. Amma sau ɗaya na samu ƙwallo a gefen hagu, daidai inda yake zaune, na tura ta gaba na bi ta, na wuce mutum biyu, na uku ya kawo kafaɗa ya koma baya, na kai har bakin raga na buga ta daki ƙarfe. Na juyo ina haki, na hango shi ya ɗaga hannunsa mai lafiya sama, bakinsa a buɗe.

A hanyar gida rana ta yi ja, yana bayana har muka shiga lungunmu. Ina jin haɓarsa a kafaɗata. Can ya ce, a hankali, kamar mai magana da kansa:

"Ashe haka kake gudu."

Na ce, "Dā na fi haka, Baba."

Sai na ji wuyan rigata yana jiƙewa, na kuma san ba gumina ba ne. Ban juya ba, shi ma bai so in juya ba. Na ƙara gyara shi a bayana muka ci gaba.

Shekara shida na yi ina ɗaukarsa kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma a shekarun nan babu wasan da aka buga a filin nan ba mu je ba. Ya koyi sunayen 'yan wasa, ya koyi zagin alƙali. In kun tambaye ni ko na yi nadama, ban yi ba. In kun tambaye ni ko na daina son in koma Kano in ƙarasa abin da na fara, wannan ma ban daina ba, ga ni da furfura. Dukansu biyun gaskiya ne, kuma na daina ƙoƙarin raba su. Abin da nake roƙonku kawai, in za ku ba da labarin nan, ku cire sunan kakanku daga laifi, ku yi masa addu'a. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya kore ni, ni ne na ƙi tafiya.